Yankan Tikiti ko Hulɗa da Jama'a: Wanne Ya Fi Dacewa da Ɗan Zango a Accra?

Da sakamakon WASSCE, jarrabawar gama sakandare, ya fito, a gidajen Nima, Maamobi, Fadama da Sabon Zango akan ji sana'o'i biyu a bakin yaran da ba su son jinya ko koyarwa: aiki a kamfanin shirya tafiye-tafiye, ko aikin hulɗa da jama'a. Makarantun kuɗi kan jera su a allon talla ɗaya, shi ya sa iyaye da yawa suke ɗauka Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Ba haka ba ne. Dukansu suna son fara'a da tsafta da iya tarbar baƙo, kamar tasu ta ƙare a nan. Mai yankan tikiti da haruffa da lambobi yake wuni, idan ya yi kuskure aljihunsa ne ke biya. Jami'in hulɗa da jama'a da alƙalami yake wuni, idan ya yi kuskure sunan wanda ya ɗauke shi aiki ne ke zubewa.

Bambanci na farko da mai biyan kuɗin makaranta zai ji a jikinsa shi ne tsawon hanya. Koyon manhajar tikiti yakan ɗauki makonni kaɗan zuwa wata uku, kuma ba wanda zai tsaya ƙirga maka kiredit. Wanda ke son takarda mai nauyi sai ya ɗora da diflomar farko ta IATA, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, wadda ake iya karanta ta a gida ko a cibiyar da ƙungiyar ta amince da ita, a zauna jarrabawar da Turanci a kan kwamfuta. Akwai kuma doguwar hanya: babbar difloma ta HND ta shekara uku a jami'o'in fasaha, ko digiri na shekara huɗu a fannin yawon buɗe ido, irin wanda ake yi a Jami'ar Cape Coast da KNUST a Kumasi. Ga kuma HOTCATT, makarantar gwamnati ta otal da yawon buɗe ido a nan Accra. Sai dai a lura, digirin yawon buɗe ido yana koyar da tsarin harkar ne baki ɗaya, otal da wuraren tarihi da talla. Ba lallai ne mai riƙe da shi ya iya fitar da tikitin Jidda ba, kuma an sha ganin mai digiri yana koyon madannai a hannun yarinyar da ta yi kwas ɗin wata uku.

Hulɗa da jama'a ba ta da wannan gajeriyar ƙofa. Gidan da aka fi sani shi ne tsohuwar makarantar koyon aikin jarida, GIJ, wadda aka kafa a 1959 zamanin Kwame Nkrumah, yanzu kuma tana cikin jami'ar UniMAC tare da makarantar fina-finai da ta harsuna. Jami'ar UPSA, kusa da unguwar Madina a Accra, ita ma tana koyar da fannin. Difloma shekara biyu ce, digiri huɗu, kuma digirin yana neman kiredit shida daga A1 zuwa C6, da Turanci da lissafi a ciki. Wanda ya kai shekara 25 yana iya shiga ta ƙofar manyan ɗalibai bayan jarrabawar shiga. An gama, sai shekara ɗaya ta bautar ƙasa, sannan jarrabawar ƙwarewa ta IPR Ghana, ƙungiyar masu sana'ar, wadda tushenta ke komawa 1972. Ke nan wanda ya zaɓi tikiti yana iya fara ɗaukar albashi a shekarar da ya bar sakandare, takwaransa kuwa sai ya shekara uku zuwa biyar ana kashe masa.

Me ake koya a ajin tikiti

Kashin bayan aikin manhaja ce da ke haɗa ejan da kujerun jiragen duniya. Uku ne manya: Amadeus, Sabre da Galileo ta kamfanin Travelport. Kafin a taɓa ko ɗaya sai an haddace lambobin filayen jirgi masu harafi uku da na kamfanoni masu harafi biyu. Accra ACC, Kumasi KMS, Tamale TML, Jidda JED, Madina ta Annabi MED, Dubai DXB, Istanbul IST. Jirgin Habasha ET, na Masar MS, Emirates EK, na Turkiyya TK. Haddar ba ta da wuya ga wanda ya yi makarantar allo, amma akwai tarko a ciki. Kano KAN ce, Guangzhou ta ƙasar Sin, inda 'yan kasuwarmu ke sarin kaya, CAN ce. Harafi ɗaya ne tsakanin Hajiyar da za ta biki Fagge da Hajiyar da za ta saro atamfa da takalma.

A Amadeus, neman kujera daga Accra zuwa Jidda ranar 15 ga Maris ana rubuta shi AN15MARACCJED. Jerin jirage ya fito, sai a kama kujera da SS1Y1, wato kujera ɗaya, ajin Y (na gama-gari), layi na farko a jerin. Daga nan dole fayil ɗin fasinja ya cika abu biyar kafin ya zauna: suna, hanyar tafiya, lambar waya, ranar da za a fitar da tikiti, da sunan wanda ya ba da umarnin. Ana sa suna da NM, waya da AP, wa'adin tikiti da TK, mai umarni da RF, a rufe da ER, manhaja ta ba da lamba mai harafi shida. FXP ke fitar da farashi, TTP ke fitar da tikitin kansa, mai lamba goma sha uku, uku na farko na kamfanin jirgi ne, misali 071 na Habasha, 176 na Emirates. Tun 1 ga Yuni 2008 IATA ta daina tikitin takarda, don haka abin da ke cikin manhaja shi ne tikiti, takardar da ake buga wa fasinja shaida ce kawai.

Duk wannan ana iya koyonsa a wata ɗaya. Abin da ke ɗaukar lokaci shi ne karanta sharuɗɗan farashi, kuma a nan ake gane wanda ya iya. Kujera ɗaya a jirgi ɗaya tana da farashi iri-iri, kowanne da dokarsa: wani ana canza rana da tara, wani ba a mayar da kuɗinsa ko da me ya faru, wani kaya ɗaya ne mai kilo 23 maimakon biyu. Ejan da ya sayar da mafi arha bai karanta wa mai saye sharaɗin ba, rigima ya ajiye wa kansa.

Kurakuran da ke cin kuɗi sanannu ne, kuma kusan kullum su ne dai. Na farko suna. Mutum ɗaya a Zango yana iya zama Mohammed a fasfo, Muhammad a takardar makaranta, Mamman a bakin abokai. Haka Issah da Isa, Abdul Rahman a rabe da Abdulrahman a haɗe. Ƙa'idar ita ce ba a rubuta suna daga baki ko daga saƙon waya, sai daga shafin fasfo, harafi da harafi, domin yawancin kamfanoni ba su yarda a sauya sunan fasinja bayan an fitar da tikiti, gyaran harafi biyu ko uku ma sai da roƙo. Na biyu lokaci. Jirgin da zai tashi 00:30 ranar Talata, daren Litinin ake zuwa filin jirgi. Fasinja ya ga Talata ya zo daren Talata, jirgi ya yi kwana ɗaya da tafiya. Kuma wanda bai hau zangon farko ba, manhaja takan soke sauran zangunan har da na dawowa. Lokutan da ke kan tikiti na garin da ake ciki ne, Saudiyya tana gaban Ghana da awa uku, Dubai da awa huɗu. Ejan nagari yakan zauna da dattijo ya ce masa, "Baba Alhaji, Litinin bayan isha'i za ku bar gida," ba ya miƙa masa takarda kawai ba.

Na uku takardun tafiya. Ƙasashe da yawa suna son fasfo ya rage aƙalla wata shida. Mai fasfon Ghana yana buƙatar bizar ratse ko da canza jirgi kawai zai yi a filin jirgin Faransa, Jamus ko Holan, sai idan yana riƙe da wasu bizoji ko izinin zama da ke ɗauke masa ita. Tikitin da ya fi arha ta Turai yana iya ƙarewa a teburin awon kaya a Accra. Akwai katin rigakafin shawara, akwai allurar sanƙarau ga mai zuwa Hajji ko Umra. Ba a dogara da abin da aka sani bara, ana duba Timatic, kundin IATA na sharuɗɗan shiga ƙasashe, a kan kowane fasinja.

Na huɗu shi ne wanda ke rufe ƙananan ofisoshi. Farashin jiragen waje da dala yake, ana biya da sidi. A ce tikiti dala 900 ne, ka faɗa wa mutum farashi ranar Litinin, ya turo kuɗi ta MoMo ranar Alhamis, dala ta ƙaru da fesuwa 30 a tsakani: sidi 270 ke nan daga ribarka, ban da yiwuwar ajin mai arha ya ƙare. Waɗanda suka yi aikin a 2022, lokacin da sidi ya faɗi warwas, ba su manta ba. Maganin shi ne a rubuta a kan kowane farashi cewa na yau ne kawai. Idan kuma an fitar da tikiti da kuskure, ana iya soke shi ba asara a ranar da aka fitar, gobe kuwa sai dokar mayar da kuɗi da tararta. Sannan ga takardar tara da kamfanin jirgi ke aiko wa ejan, wadda 'yan sana'a ke kira ADM, idan ya karya dokar farashi ko ya riƙa kama kujeru yana saki. Masu ofis da dama daga albashin wanda ya danna madannin suke cire ta.

Kasuwar fa? A nan ɗan Zango yake da abin da wasu ba su da shi. Umra a watan azumi, 'yan kasuwar Dubai, Istanbul da Guangzhou, ɗalibai masu zuwa Masar da Saudiyya, 'yan'uwa da ke Amurka da Jamus masu dawowa Sallah, duk mutanen da suka fi son su miƙa kuɗinsu ga wanda suka san gidansu kuma zai yi musu bayani da Hausa. Wanda ya iya Larabci ya ƙara daraja wajen mu'amala da otal-otal na Makka da Madina da Nusuk, manhajar Saudiyya ta Hajji da Umra, mai Faransanci kuma ya samu fasinjojin Lome, Wagadugu da Abijan. Aikin Hajji dabam yake: yana hannun hukumar alhazai ta ƙasa, ejan da aka amince da shi yana tara maniyyata ne ya miƙa, ba shi ke yanka musu jirgi ba. Wani reshe kuma shi ne kai baƙi yawo cikin ƙasa, gidajen bayi na Cape Coast da Elmina, dajin Kakum, gandun Mole, masallacin Larabanga, fadar Manhyia. Wannan ya bunƙasa tun Shekarar Dawowa ta 2019, lokacin da Ghana ta gayyaci 'yan asalin Afirka da ke ƙetare su kawo ziyara, kuma Disamba ce kakarsa.

Amma kada a yi zaton kuɗi ne a zube. Kamfanonin jiragen sama sun daɗe da rage kamashon da suke ba ejan, wasu sun soke shi, kuma matasa suna sayen tikiti a wayarsu. Ribar yau tana cikin ladan aiki da haɗa tafiya dunƙule, tikiti da otal da mota. Buɗe ofis yana son rajistar kamfani da lasisin hukumar yawon buɗe ido, GTA, wadda dokar 2011 ta kafa. Amincewar IATA kuwa tana neman lamunin kuɗi mai nauyi, shi ya sa yawancin ƙananan ofisoshi ta hannun babban dila suke fitar da tikiti. Akwai kuma rami da dole a faɗa wa yaro tun kafin ya fara: ofishin tafiye-tafiye ba ya ba da biza, ofishin jakadanci ke bayarwa. Duk maigidan da ke cewa "biza tabbas" ko yake tura 'yan mata aikatau ƙasashen Larabawa ba da lasisin sashen ƙwadago ba, ɗan kanekshan ne, kuma dokar hana safarar mutane ta 2005 ba ta tambayar wa ke da ofis, wa ke cike fom.

Ɓangaren alƙalami

Mutane suna ɗauka jami'in hulɗa da jama'a shi ne mai riƙe makirfo a wajen taro. Wannan ƙaramin yanki ne. Mafi yawan aikin rubutu ne, da Turanci, cikin gaggawa: sanarwar manema labarai, jawabin shugaba, rahoton shekara, amsar ƙorafi a Facebook. Ana koya wa ɗalibi ya sa wa, me, ina, yaushe da dalili a sakin layi na farko, ya tsaya a shafi ɗaya, ya sa lambar wanda za a kira a ƙasa. Dalilin shi ne edita daga ƙasa yake yanke labari, abin da ka ɓoye a ƙarshe ba zai fito ba. Sanarwar da ta fara da jerin muƙaman shugaba da godiya, kwandon shara take tafiya. Ana kuma koyar da tsara kamfe a mataki huɗu, bincike, shiri, isar da saƙo, sannan auna sakamako, kuma na ƙarshen ne aka fi tsallakewa, har shugaba ya tambayi me kuɗinsa ya saya a rasa amsa.

Sai sanin kafafen watsa labarai ɗaya bayan ɗaya: abin da Daily Graphic da Ghanaian Times ke ɗauka, yadda labarin da GNA, kafar dillancin labarai ta Ghana, ta ɗauka ke yaɗuwa zuwa sauran, wane shirin safe ne a Joy FM, Citi FM ko Peace FM ke juya zancen gari, da lokacin da saƙo ya fi dacewa da Marhaba FM ko sashen Hausa na GBC. Taron manema labarai da safe ake sa shi, don labari ya samu shiga kafin a rufe shafi. Ɗalibi zai kuma ci karo da "soli", ambulan da ake miƙa wa 'yan jarida bayan taro da sunan kuɗin mota. A aji za a ce masa ya saɓa wa ɗa'ar aiki, a fili zai tarar ana sa ran sa. Jami'in da ba shi da abin jan 'yan jarida sai ambulan, ranar da kamfaninsa ya shiga matsala zai gane ba aboki ya saya ba.

Ranar matsalar ita ce jarrabawar gaske. Gobara a masana'anta, bidiyon ma'aikaci yana wulaƙanta mai saye, jita-jita a WhatsApp. Abin da ake koyarwa shi ne a fitar da gajeriyar sanarwa cikin sa'a ta farko: mun san abin ya faru, ga abin da muka tabbatar, ga matakin da muke ɗauka, ga lokacin da za mu sake magana. Baki ɗaya ne zai yi magana. Kurakuran su ne yin shiru har wasu su cike gurbin, musanta abin da ba a bincika ba, da ba da adadin da za a janye gobe. Magana zarar bunu ce, hoton allo kuma ba ya gogewa. Akwai dokoki biyu da dole a sani, ta kare bayanan mutane ta 2012, saboda hotuna da lambobin waya, da ta 'yancin samun bayani ta 2019 ga mai aiki da gwamnati.

Guraben aikin suna bankuna, kamfanonin sadarwa, ma'adinai, asibitoci, jami'o'i, ƙungiyoyin agaji, ma'aikatu da majalisun ƙananan hukumomi irin Ayawaso ta Gabas ko Asokore Mampong. Matsalar ita ce kamfani mai ɗaruruwan ma'aikata yana iya wadatuwa da jami'i ɗaya ko biyu, kuma tsoffin 'yan jarida suna neman kujerar, da sanayyarsu a hannu. Sabon shiga yakan fara ne daga kula da shafukan sada zumunta, don haka manhajar zane ta Canva, ɗaukar hoto da yanka gajeren bidiyo sun zama dole ko da ba su cikin manhajar karatu. Idan aka haye, tsanin ya fi na tikiti tsawo, ana iya kaiwa teburin manyan daraktoci. Hausa ma jari ce a nan, wajen ƙungiyoyin da ke aikin rigakafi, tsafta ko zaɓe a Zango da arewa, amma ƙari ce a kan Turanci, ba madadinsa ba.

To wanne? Ga yaron da sakamakonsa bai cika ba, ko gidan da ba zai iya ɗaukar shekara huɗu ba, kuma yaron mai natsuwa ne da ke duba abu sau biyu, tikiti ya fi, ba tantama. Yana iya shiga karatun yamma ko na ƙarshen mako a hulɗa da jama'a daga baya da kuɗinsa, kuma haɗin biyun yana da kasuwa a kamfanonin jirage da otal-otal. Juya tsarin ya fi wuya a aljihu. Wadda ta ci Turanci da kyau, tana karanta jarida ba don an sa ta ba, tana iya rubuta shafi guda ba tare da an gyara mata ba, asara ce a zaunar da ita a kan madannan Amadeus. Mai surutu kawai, wanda ake cewa "ai bakinsa zai ci da shi", ba ɗayan biyun da ya dace da shi sai ya gyara: a tikiti zai rubuta CAN a wurin KAN, a ɗaya ɓangaren zai faɗi abin da ba a aike shi ba.

Kafin a biya ko sidi ɗaya, a duba makarantar. Mai ba da difloma ko digiri sai da amincewar GTEC, hukumar kula da manyan makarantu, kuma kwas ɗin kansa ake dubawa, ba sunan makaranta kawai ba. Ta koyon sana'a tana ƙarƙashin CTVET, hukumar kula da ilimin fasaha da sana'a. Wadda ta ce tana ba da takardar IATA, a nemi sunanta a jerin cibiyoyi da ke shafin IATA, a kuma tambaya ko kuɗin jarrabawa, wanda da dala ake lissafa shi, yana cikin abin da aka faɗa. A shiga ajin a ƙirga kwamfutoci da ɗalibai, a tambaya wace manhaja ake koyarwa da kuma ko kowa yana da mashigarsa ta gwaji, domin akwai inda ake koyar da Amadeus a allo da alli. A tambayi ofisoshin da ake son aiki da su wace manhaja suke amfani da ita, kada a koyi Galileo a tarar Amadeus ake nema. A makarantar hulɗa da jama'a kuwa, a nemi ganin sanarwar da ɗaliban bara suka rubuta da jan biron malami a kai, sannan a ce a faɗi sunayen wuraren da aka tura su sanin makamar aiki.